Ƙaramin Gidan Kula da Tsofaffi da Manya Masu Rauni a Birnin Kano: Tambayoyi da Amsoshi kan Rajista, Inganci da Sa Ido

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu niyyar buɗe irin wannan wuri, da masu aiki a cikinsa, da kuma iyalan da ke shawarar kai wani nasu. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga cikin aikin kansa.

1. Wane irin wuri ake magana a kai?

Iri uku ne. Akwai gidan da tsofaffi ko manya masu lalura ke kwana a ciki, mai gado huɗu zuwa goma sha biyar. Akwai wurin wuni, a kawo mutum da hantsi a ɗauke shi bayan la'asar. Akwai kuma kamfanin da ke tura masu jinya gidajen mutane. Aikin duka ukun ɗaya ne: wanka, tsarki, sa tufafi, ciyarwa, juya wanda ba ya iya juyawa, tuna masa magani, da zama da shi a yi hira. Wannan kulawa ce ta yau da kullum, ba aikin asibiti ba ce, kuma bambancin yana da muhimmanci wajen lasisi (duba tambaya ta 5).

2. Ba abin kunya ba ne a kai tsoho irin wannan wuri alhali yana da 'ya'ya?

Jinyar iyaye haƙƙi ne a kan 'ya'ya, babu mai musun wannan a Kano. Amma a duba waɗanda ke buƙatar wurin: tsohuwar da Allah bai ba ta haihuwa ba, 'yan'uwanta kuma sun ƙare, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi, matarsa ita ma ƙafa ta ƙi, ko uwar da 'yarta tilo ke aure a Legas. Gidan kulawa mataimaki ne ga iyali, ba magajinsu ba. Gidan da ya san aikinsa yana rubuta wa 'ya'ya ranakun zuwa a cikin yarjejeniya, kuma yana kiransu idan ƙafarsu ta ɗauke.

3. Wace hukuma ce ke da ikon sa ido a kanmu?

Ikon a rarrabe yake, kowace hukuma da ɓangaren da ta riƙe. Hukumar CAC ce ke yi wa sunan sana'a ko ƙungiya rajista. Sashen jin daɗin jama'a na gwamnatin jiha, wanda ke tafiya tare da ma'aikatar harkokin mata, shi ke da ruwa da tsaki a harkar gidajen da ake ajiye masu rauni, kuma a can za ka fara gabatar da kanka a rubuce. Hukumar PHIMA ta jihar Kano tana yi wa cibiyoyin lafiya masu zaman kansu rajista, tana kuma rufe waɗanda suka saɓa. KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ce ke da maganar gini da sauya amfanin gida daga na zama zuwa na sana'a. Sai hukumar kashe gobara ta jiha, da duba-gari na ƙaramar hukumarka. A tarayya akwai Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wato NSCC, wadda ta fitar da ƙa'idojin ingancin kulawa da na horar da masu jinya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya karɓo takardar CAC, ya sa ta a firam ya rataye a bango, ya ɗauka ya gama. Takardar CAC shaida ce kawai cewa sunanka yana cikin kundi. Ba ta ce ɗakunanka sun dace ba, ba ta ce ma'aikatanka sun iya aiki ba. Kowace hukuma ka je, ka tafi da wasiƙa kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka adana. Kada kuma ka manta da mai unguwa da limamin unguwa. Ba su ba da lasisi, amma ranar da wani tsoho ya fita ya ɓata, su ne farkon waɗanda za ka nema.

4. Wace irin rajista ya kamata in yi a CAC?

Ya danganta da niyyarka. Rajistar sunan kasuwanci ita ce mafi sauƙi da arha, sai dai a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne: idan aka ci sana'ar bashi ko tara, dukiyarka ce a ciki. Kamfani mai iyakantaccen alhaki yana raba ka da sana'ar, kuma tun daga dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani. Idan kuwa aikin sadaka ne, za a riƙa karɓar tallafi da zakka da waƙafi, to rajistar amintattu za ka yi: amintattu biyu ko fiye, kundin tsarin mulki na ƙungiya, da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Irin wannan ƙungiya ba a raba ribarta, kuma banki zai nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata.

5. A ina kulawa ta tsaya, aikin asibiti ya fara?

Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk abin da ɗa ko 'ya mai hankali za su iya yi wa iyayensu a gida bayan likita ya nuna musu, kulawa ce. Amma gano cuta, rubuta magani, ƙarin ruwa, ƙarin jini, allurar jijiya, sa robar fitsari, zura robar abinci ta hanci, yanke mataccen nama a gyambo, duk aikin masu lasisi ne. Idan kana son a riƙa yin waɗannan a cikin gidanka, ka zama cibiyar lafiya, sai ka nemi rajistar PHIMA, da ma'aikatan da kowannensu ke da lasisi mai rai daga majalisar sana'arsa: NMCN ga nas, MDCN ga likita, MRTB ga mai gashin ƙashi da motsa jiki.

Yawanci ba da gangan ake tsallake wannan iyaka ba. Tsoho ya yi gudawa, jiki ya saki, sai wani ya ce a kira yaron kemis na bakin layi ya ɗaura masa ruwa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa leda biyu ta ruwa na iya cika masa huhu kafin asuba. Abin da ya fi wa ƙaramin gida shi ne ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da asibiti mai rajista a kusa, likita ya riƙa leƙowa a ƙayyadadden lokaci, nas kuma ta riƙa zuwa don allura da wankin gyambo.

6. Waɗanne dokoki ne suka shafe mu kai tsaye?

Sashe na 34 da na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 sun kare mutuncin mutum da 'yancin walwalarsa, kuma tsufa ko gushewar hankali ba su soke su (duba tambaya ta 15). Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, ta kuma hana cibiyar lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta shafi fayil ɗin mazauna da hotunansu, don haka ɗaukar hoton tsoho a kwance a yaɗa a Facebook ko WhatsApp don neman taimako ba tare da yardarsa ba laifi ne, ban da cin mutunci.

7. Gidan haya na zama zai iya yi? Me za a gyara?

Zai yi idan na ƙasa ne, ko kuma aka bar duk mazauna a ƙasan. Fara da ƙofofi: faɗin santimita 90 domin keken guragu ya wuce ba tare da ya goge hannun mai shi ba. A cire dokin ƙofa ko a kwantar da shi. Gangaren shiga kada ya yi tsaye: kowane santimita 10 na tsawon dandamali yana buƙatar gangare mai tsawon santimita 120. Magina sukan taƙaita shi don kada ya ci tsakar gida, ƙarshe mai tura keke ne ke jin jiki, ko keken ya ƙwace.

Banɗaki na cikin wuraren da aka fi faɗuwa. Tayil mai sheƙi, ga ruwan buta, ga silifas, ga tsohon da ya taso cikin dare da magagin barci. A sa tayil mai kaushi, a kafa ƙarfen riƙo a jikin bulo kusa da masai da wurin wanka, a samu masai na zama ko kujerar bahaya mai fo a ƙasa, a ajiye kujerar wanka, a kuma yi wurin alwala na zaune. Ƙofar banɗaki ta riƙa buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a bayanta ba za a iya turawa ciki ba. Ɓangaren maza daban, na mata daban, kowane gado da labulensa. Tagogin Kano galibi da ƙarfen tsaro suke, saboda haka dole gida ya kasance da mafita biyu, makullin ta biyun a rataye kusa da ita, ba a aljihun maigadi ba. Janareta a can waje nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci. Tukunyar gas a wajen kicin, abin kashe gobara a inda hannu zai kai, fitila mai caji a kowane ɗaki.

8. Ma'aikata nawa nake buƙata, kuma yaya zan zaɓe su?

Ba yawan gadaje ake ƙirgawa ba, nauyin jinyar ake dubawa. Ma'aunin da muke ganin ya dace shi ne: da rana mai jinya ɗaya ga mutum huɗu ko biyar masu iya tafiya da ci da kansu, amma ɗaya ga biyu ko uku idan a kwance suke. Da dare kada a taɓa barin mai jinya ɗaya shi kaɗai a bakin aiki, ko da mazauna biyar ne, kuma ɗaya daga cikin biyun idonsa biyu. Mai girki da mai wanki ba su cikin lissafin. Mata su yi wa mata tsarki da wanka, maza su yi wa maza. Wannan ba abin sassauci ba ne a Kano, kuma yana nufin kowane zubi na aiki sai an samu jinsin biyu idan gidan gauraye ne.

Wajen ɗauka, a nemi lambar NIN, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, masu tsaya masa biyu waɗanda aka je aka ga gidajensu, da lambar inda ya yi aiki a baya, a kira a tambaya dalilin barinsa. Wanda ya ce shi nas ne a tabbatar da lasisinsa a majalisar, kada a tsaya ga farin kaya. Sabon ma'aikaci ya yi sati biyu yana bin tsohon hannu kafin a bar shi da mutum. Sannan a lura da abin da takarda ba ta nunawa: yana sallama kafin ya ɗaga labule? Yana cewa "Baba, zan juya ka" kafin ya taɓa shi, ko kuwa ɗaga shi yake kamar buhu?

9. Me doka ta ɗora mana game da haƙƙin ma'aikata?

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF, kuma a wannan sana'a ciwon baya da sukar allura ba baƙi ba ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Dokar mafi ƙarancin albashin ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma mai jinyar da ake biya abin da bai kai kuɗin motarsa da abincinsa ba, ko ya gudu bayan wata uku, ko idonsa ya koma kan madarar tsoho. Yawan sauya ma'aikata kuma yana rikita mai gigin tsufa fiye da yadda ake zato.

10. Me ake yi kafin a karɓi sabon mutum?

A je a gan shi inda yake, kada a yanke shawara ta waya. A duba ko yana tashi da kansa, yana riƙe fitsari, yana haɗiye abinci ba ƙwarewa, yana gane mutane. A duba fatarsa gaba ɗaya, a gaban ɗan'uwansa, a rubuta duk wani gyambo ko tabo da girmansa, a auna nauyinsa. A karɓi takardar likita da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Mai tarin da ya wuce sati biyu a fara yi masa gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sannan a tambaye shi shi da kansa ko ya yarda ya zo. Mutum mai hankalinsa ba a ajiye shi a wuri don 'ya'yansa sun sa hannu.

Daga nan a rubuta tsarin kulawarsa, shafi biyu sun isa: abin da yake iya yi wa kansa (a bar masa shi), abin da za a taimaka masa, abincin da yake so da wanda aka hana shi, lokacin da ya saba barci, sunan da yake so a kira shi da shi. A sake duba tsarin duk wata, da kuma duk lokacin da ya dawo daga asibiti. Yarjejeniya da iyali ta fayyace kuɗin wata da abin da ya ƙunsa, wa zai sayi magani da kunzugun manya, wane asibiti za a kai shi, wa ke da ta cewa idan 'ya'ya sun saɓa. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin gidan, a faɗi gaskiya tun a ranar.

11. Waɗanne takardu ne dole a riƙa cikawa?

Fayil na kowane mutum, littafin miƙa aiki tsakanin na dare da na rana, takardar magani, takardar juyi, takardar ci da sha ga wanda cinsa ya ragu, littafin haɗurra, littafin baƙi, littafin koke, da littafin kuɗin mazauna. Littafi mai ɗinki ya fi, wanda idan aka yage shafi za a gane. Da biro ake rubutu, a lokacin da aka yi aikin, a sa hannu. Kuskure a ja masa layi ɗaya, kada a goge.

Rubutu irin "ya kwana lafiya" ba ya amfanar kowa. Ga yadda ake so: "Ƙarfe 2:10 na dare, Baba na gado na 3, an juya shi zuwa hagu. Kunzugu a jiƙe, an sauya, fitsari ja-ja ne kuma yana wari. Dunduniyar dama ta yi duhu. Ya sha ruwa rabin kofi." Wanda ya karanta wannan da safe ya san akwai abu biyu da za a bi. Takardar juyi da aka cika layi goma sha biyu da biro ɗaya, hannu ɗaya, kowane layi daidai kan awa, ana gane cewa zama ɗaya aka yi mata.

12. Yaya ake sarrafa magani?

Kowane mutum da akwatinsa mai sunansa, a cikin kabad mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya a kowane zubi. Magani ya zauna a kwalinsa na asali. Kafin a bayar a duba abu biyar: mutumin, maganin, adadin, lokacin, da hanyar shan. A tsaya har ya haɗiye, sannan a sa hannu. Idan ya ƙi sha a rubuta ya ƙi. Ba a ɗura masa, ba a kuma ɓoyewa a cikin kunu sai da umarnin likita, domin wasu ƙwayoyin an yi su ne su riƙa narkewa a hankali, daka su na sakin ƙarfinsu lokaci guda. Idan an manta zubi ɗaya ba a ninkawa a na gaba.

A saya a kantin magani mai rajistar PCN, majalisar masu harhaɗa magunguna, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a ajiye rasit. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yawanci kwana 28 ne, a rubuta ranar buɗewa a jikinsa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, don haka firij mai sola ba ƙawa ba ne. Haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da 'yan dubiya ke kawowa, musamman masu ɗauke da diclofenac ko ibuprofen, suna cin ciki da ƙodar tsoho. Haka jiƙe-jiƙe: a karɓa da mutunci, a ajiye, a tambayi likita. Masu sa barci irin su diazepam da masu ƙarfi irin su tramadol a riƙa ƙirga su mutum biyu a kowane miƙa aiki.

13. Me ya sa ake cewa gyambon kwanciya shi ne ma'aunin gida?

Domin ba ya ƙarya. Idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi na wasu awanni, jini ya daina isa wurin, naman sai ya fara mutuwa daga ciki. Wuraren su ne ƙashin gindin baya, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, kafaɗa, ƙeya da bayan kunne. A farar fata ja yake fara yi, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sai a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, a taɓa da bayan yatsa: ya fi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi kamar nunannen tumatir? Wannan shi ne matakin farko, kuma a nan ake cin nasara.

Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk awa biyu, dare da rana, a ɗan kishingiɗe shi a gefe da filo a bayansa, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa domin dunduniya ta rataya ba ta taɓa katifa. A ɗaga shi da zanin gado mutum biyu, kada a ja. Zanin ya zama a miƙe, babu ɓurɓushin abinci. Leda a ƙarƙashin zani ga zafin Kano tana dafa fata, a riƙa sauyawa da zarar an jiƙe. Ba a murza wurin da ya fara duhu, ba a barbaɗa masa garin kafso ko toka. Katifar iska tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyi, idan wuta ta ɗauke ma sacewa take. Fata ta fashe, a kira nas a ranar.

14. Abinci, ruwa, zafi da azumi fa?

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani kuma da gangan yake ƙin sha don kada ya dami mutane da fitsari. A riƙa miƙa masa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, sai wanda likita ya ƙayyade wa saboda zuciya ko ƙoda. Idan gudawa ta kama shi a fara da ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A zaunar da shi sosai kafin ci, ya kuma zauna rabin awa bayan ya gama. Mai shanyewar ɓarin jiki da ke tari ko muryarsa ke yin ruwa-ruwa bayan ya sha, abin yana bi ta hanyar iska ne. Kunu mai kauri ya fi masa tsinkakken ruwa, kuma likita ya gan shi. Tuwo da miya zalla ba sa warkar da gyambo, sai da wake, ƙwai, kifi, nono. A auna nauyi duk wata. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya abin kai wa likita ne.

Azumi kuwa, dattawa da yawa ba sa yarda su sha, ko da shari'a ta ba su uzuri. Tun cikin Sha'aban a zauna da likita a kan masu ciwon suga da hawan jini, a gyara lokutan magani, a kuma gayyato malamin da tsohon ke jin maganarsa ya yi masa bayanin ciyarwa. Mai suga da ya fara gumi, karkarwa ko sambatu a gwada shi nan take. Idan sugan ya yi ƙasa da 70 (mg/dL) a na'ura, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa in yana iya haɗiya, a sake gwaji bayan minti 15.

15. Mai gigin tsufa yana fita, yana faɗa. Za mu iya ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki?

A'a. Abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019 ya isa darasi: duk da sunan taimako da yardar iyali aka fara. Ɗaure mutum da zani a jikin gado, kulle shi shi kaɗai, ko ɗirka masa maganin barci don ma'aikata su huta, duk tauye haƙƙi ne, kuma suna jawo gyambo, faɗuwa da shaƙewa.

A nemi dalili. Rikicewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba tsufa ba ne: yawanci ciwon mafitsara ne, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa, ko bahaya da ya ƙi fita, ko sabon magani, kuma tana warkewa idan an yi maganin sanadin. Wanda kullum da la'asar yake neman ƙofa yana cewa zai tafi kasuwa, jikinsa ne ke tuna abin da ya yi shekara arba'in yana yi. Kada a yi masa gardama. A raka shi zagaye a tsakar gida, a ba shi abin yi da hannu. A tsare ƙofar waje, a bar ta ciki a buɗe, a ɗinka lambar wayar gidan a cikin rigarsa. Idan abin ya ƙi, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau.

16. Yaya za a kare mazauna daga cuta da cin dukiya?

Ma'aikaci ba ya riƙe katin banki na mazauni ko lambar sirrinsa, ba ya karɓar kyauta mai tsoka, ba ya zama shaida a kan kyautar gida ko gona. Kuɗin kashewa a rubuta shigarsa da fitarsa, mutum biyu su sa hannu. Wani lokaci cutar daga dangi take zuwa, a zo da takarda a nemi tsohon da ba ya gane kowa ya dangwala. Gidan ya ƙi, ya rubuta, ya sanar da sauran 'ya'ya.

Alamun da ake lura da su: tabo a damtse mai kama da yatsu, tsoho ya yi tsit ko ya ƙanƙame jiki idan wani ma'aikaci ya shigo, kaya suna ɓata. Idan zargi ya taso a janye ma'aikacin daga kan mutumin nan take, likita ya duba, a rubuta maganar mai koke yadda ya faɗe ta, a sanar da iyali da sashen jin daɗin jama'a, duka ko fyaɗe ko sata kuma a kai wa 'yan sanda. Iyali suna iya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Kano. Sallamar mai laifi a ɓoye don kare sunan gida tura shi ne ya je ya yi wa tsohon wani.

17. Idan wani ya faɗi, ko jiki ya rikice, ko rai ya yi halinsa?

Wanda ya faɗi kada a yi saurin ɗaga shi. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ƙashin kwatangwalo ne ya karye, a bar shi a yadda yake a nemi mota zuwa asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala, ba wurin mai ɗori ba. Wanda ya bugu a kai a sa masa ido sosai, musamman mai shan maganin tsinka jini. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe: asibiti nan take, ba abinci ba ruwa, a rubuta lokacin da abin ya fara. Lambar gaggawa 112 ce, amma kowane gida ya tanadi direban da zai amsa waya ƙarfe uku na dare, da ɗan kuɗin gaggawa a ajiye, da takarda ɗaya mai ɗauke da cututtuka da magungunan kowane mutum wadda za a tafi da ita.

Idan rasuwa ce, mun saba gaggauta jana'iza, amma likita ya fara tabbatarwa, a rubuta lokaci da waɗanda ke wurin, a kira iyali. Mutuwar da ta biyo bayan faɗuwa, shaƙewa ko kuskuren magani ba a rufe ta. A faɗa wa iyali gaskiya, a sanar da hukuma. Kayansa da ragowar kuɗinsa a miƙa wa magada a rubuce, gaban shaidu.

18. Tunda ba kullum masu bincike ke zuwa ba, yaya za mu auna kanmu?

A Ingila hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tana auna irin waɗannan gidaje da tambaya biyar: akwai aminci, kulawar tana amfani, ana yi da tausayi, ana biyan buƙatar kowa yadda take, shugabanci yana da kyau? Dokarsu ba ta hau kanmu ba, amma tambayoyin sun yi daidai da ko'ina. Duk ƙarshen wata mai gida ya ƙirga: faɗuwa nawa, sabon gyambo nawa, kuskuren magani nawa, wa ya rame, sau nawa aka kai asibiti, koke nawa, ma'aikaci nawa ya tafi. A rubuta a shafi ɗaya a jera da na watannin baya. Idan uku daga faɗuwa huɗu a banɗaki ɗaya suka faru kafin asuba, ka san fitila ce ko tayil. Littafin haɗurran da ya yi wata shida babu ko layi ɗaya, tsoro ne ya hana rubutu, don haka wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kada a ci shi tara.

A duba tsabta ma: wurin wanke hannu da sabulu a kowane ɓangare, safar hannu ɗaya ga mutum ɗaya, reza da tawul kowa da nasa. Inda jini ko bahaya ya zuba a goge da ruwan bilic. Idan mai ƙarfin kashi 3.5 ne, awo ɗaya a awo shida na ruwa, a haɗa sabo kullum. Mai gida kuma ya riƙa faɗowa cikin dare ba sanarwa, ko sau biyu a wata.

19. Ni ɗan'uwa ne. Me zan duba kafin in kai mahaifiyata, da kuma bayan na kai ta?

Ka je ba tare da ka sanar ba, lokacin cin abinci ko bayan magariba. Hancinka zai fara ba ka labari: zarnin da ya kama katifu daban yake da na kunzugun da aka cire yanzu, turaren wuta mai yawa kuma wani lokaci rufi ne. Ka nemi ganin takardun da aka ambata a tambaya ta 3, ka tambayi sunan asibitin da suke hulɗa da shi, da mutum nawa ke kwana a bakin aiki. Ka tambaya yaushe wani ya faɗi na ƙarshe, me aka yi. Wanda ya ce ba a taɓa faɗuwa a gidansa ba, ka nemi littafin haɗurra. Gidan da ya ƙayyade maka awa ɗaya a sati don ziyara, ko ya hana ka shiga ɗakin kwana, ka nemi wani.

Bayan ka kai ta, ka riƙa sauya ranar zuwa da lokacinsa. Ka zauna da ita ku biyu, ka tambaye ta wa ya fi kyautata mata, ka lura da sunan da ba ta ambata ba. Ka duba farcenta, leɓenta ko a bushe yake, kofin ruwa ko hannunta yana kaiwa gare shi, carbinta da rediyonta ko suna kusa. 'Yar'uwarka mace ta ɗaga zani ta duba bayanta da dunduniyarta kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 13, sannan ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ku gwada da abin da aka sa wa hannu a takardar magani.